Gulbin Badagry, Jiya da Shekaranjiya

Wanda ya nufi Badagry don ya ga teku, gulbi ne zai fara tarbarsa. Garin yana zaune a gefen arewa na wani dogon ruwa mai kwanciya, wanda ya taso daga Legas ya miƙe yamma har Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku. Abin da ya raba su siririn tudu ne na rairayi da itatuwan kwakwa. Sai ɗan fito ya ƙetarar da kai, ka sauka a Gberefu, ka yi ta taka yashi, sannan ka fara jin rugugin igiyar ruwa tun ba ka gan ta ba. Da damina, idan kogin Yewa ya cika ya zubo, ruwan gulbin yakan yi daɗi. Da rani kuwa gishiri ya hauro, har irin kifin da ake kamawa ya sauya.

Wannan shimfiɗar ƙasa ita ta yi garin. Gaɓar tekun nan ba ta da mafakar jirage, igiyarta kuma mai ƙarfi ce, ta sha kifar da kwalekwale da mutanensa da kayansa. Saboda haka manyan jiragen Turawa sukan tsaya can nesa, a riƙa kai musu kaya a ƙananan jirage. A bayan tudun kuwa ga ruwa lafiyayye, wanda mutum zai yi lodi a Porto-Novo ya sauke a Legas bai taɓa teku ba. Duk wanda ya zauna a tsakiyar irin wannan hanya ya zauna a kan arziki, ya kuma zauna a kan fitina. Mutanen Egun, waɗanda sarkinsu ke da laƙabin Akran, sun ga duka biyun. Wani ɗan kasuwar Holan mai suna Hendrik Hertogh ya kafa cinikinsa a nan a 1736, garin ya bunƙasa, sai rundunar Dahomey ta zo ta ragargaza shi a 1784. Ya sake tashi. Sarakunan Legas biyu da aka tumɓuke, Adele da Akitoye, duk nan suka yi gudun hijira.

Ni a shekarun 1980 na san wurin, kamar yadda 'yan arewa da yawa na zamaninmu suka san shi. Akwai kwalejin horar da manyan ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Topo, wadda aka kafa a 1973, kuma ba ma'aikatar da ba ta tura mutanenta kwas can. Daga baya, a 1991, aka buɗe Ƙauyen Koyon Faransanci a Ajara, ɗaliban jami'o'inmu suka riƙa zuwa suna shekara. A shekarun 1980 ɗin nan babbar hanyar Legas zuwa Badagry sabuwa ce, sumul. In ka tashi daga Mile 2 da hantsi, kafin azahar ka daɗe da isa, har ka huta. Dama da hagu daji ne da fadama da gonakin kwakwa, sai ɗaiɗaikun ƙauyuka.

Ba abin da ya fi zama mini a rai kamar bakin ruwan garin da la'asar, wurin da suke kira Marina. Ba wani gini na a zo a gani, ba kiɗa, ba mai sayar da tikiti. Kwale-kwale ne jere, wasu na shigowa da kwakwa da garin rogo da tabarmi, wasu na fita da mata masu komawa ƙauyukan tsallake bayan cin kasuwar Agbalata. A tsakiyar ruwa kana hango rassan itace an kakkafa su da yawa a wuri guda. Wannan dabara ce ta masuntan yankin, suna kiranta akaja: a dasa rassa a inda ruwa bai da zurfi, kifi ya taru yana ci yana hayayyafa a cikinsu, bayan watanni a zagaye wurin da taru a kwashe. Noman kifi ke nan tun kafin a zo mana da kududdufin siminti. Karfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande, duk a nan ake sauke su, mata su karɓa su wuce da su wurin banda. Ƙanshin hayaƙin bandar kifi da na man kwakwa shi ne ƙanshin garin. Idan dare ya yi nisa kuma, sai ka ji kukan zangbeto, dodon nan mai rigar zare-zaren tukurwa da ke gadin gari, baƙo ya san lokacin shiga ɗaki ya yi.

Ɗan fito a lokacin da sanda da filafili yake aiki, inji sai jefi-jefi. Ƙetarewa zuwa Gberefu ba ta da tsawo, amma ba a gaggawa. Ya kira ka Malam ko Aboki, ka kira shi Baba idan ya manyanta, ku yi ciniki da guntun Turanci da alamar hannu. A tsallake ba ka tarar da kowa sai masu hawan kwakwa da yara. Bakin tekun fili ne fetal, iyakar ganinka rairayi, sai kwale-kwalen masunta masu rubuce-rubuce a jiki da aka janyo tudu. Kwakwar yankin ma tana da tarihinta, domin limaman Katolika sun kafa babbar gonarta a Topo tun 1876, kuma har yau da ita aka san Badagry.

Akwai abubuwan da ake kai kowane baƙo ya gani. Ana nuna masa inda itaciyar Agia ta tsaya, wadda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a gindinta a 1842, guguwa ta kayar da ita a 1959. Ana hawa da shi benen 'yan mishan da aka gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna, a ce masa shi ne bene na farko a Nijeriya. A nan mutumin Kano ko Katsina yakan yi shiru don kunya irin ta baƙo, domin ya san magabatansa sun gina benaye da ƙasa da azara ɗaruruwan shekaru kafin haka, hasumiyar Gobarau kuma tana tsaye tana ba da shaida. Abin da ya dace a ce shi ne benen farko irin ginin Turawa, wannan ma ya isa abin alfahari. Sai kuma a kai shi gidan zuriyar Mobee, a fito masa da sarƙoƙi da mari da ƙarfen da ake ɗaure wuya, a ce ya ɗaga ya ji nauyi.

A nan ne maganar da ta sa na ɗauki alƙalami take. Mun riƙa ɗaga waɗannan sarƙoƙi muna girgiza kai, muna cewa Allah sarki, kamar labarin wasu mutane ne can da ba su haɗa komai da mu ba. Muka ɗauki hoto, muka sha ruwan kwakwa, muka koma. Alhali kuwa gulbin nan shi ne ƙarshen wata hanya da ta faro daga ƙofar gidajenmu.

Tun cikin ƙarni na 18 ake gangaro da bayi daga ƙasar Hausa da Barno da Nufe zuwa daular Oyo. Wasu a riƙe su can su zama masu kiwon dawaki da shanu, da wanzamai, da masu tufka igiya. Wasu a wuce da su gaɓar teku, a sayar a Wida ko Porto-Novo ko Badagry ko Legas. Da aka fara jihadi a 1804 yaƙe-yaƙe suka yawaita, kamammu suka ƙaru daga kowane ɓangare, har da malamai da mahaddata. Mafi yawan waɗanda aka loda daga wannan gaɓa a wancan zamani Bahia ta ƙasar Burazil aka kai su, kuma tarihin Burazil bai manta da su ba. Hausawa ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a birnin Salvador a 1807, su ne kuma a gaba a na 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi babban boren da ake kira na Male. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu masu rubutun Larabci. Wanda ya rubuta irin waɗannan takardu a kan allo ya koyi baƙi da wasali, a tsangaya irin wadda muka sani.

Ba kuma waɗanda aka sayar kaɗai ne namu ba. Cikin masu kamawa da masu sayarwa da masu rakiyar ayari akwai namu. Kasuwannin bayi sun ci a Kano da Zariya da Katsina a fili, da dillalansu da la'adarsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙi jinin a sayar da Musulmi ga Nasara, kuma ya tattauna batun tsayar da kai bayi teku da Hugh Clapperton lokacin da ya zo Sakkwato a 1824, har ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa. Amma ciniki bai tsaya ba, don riba ta fi ƙarfin umarni. Ban ga amfanin mu ɓoye wannan ba. Mutanen Badagry sun fito da sarƙoƙin kakanninsu sun ajiye a gaban duniya, kuma wasu daga cikin masu nuna maka su jikokin masu cinikin ne, suna faɗa da bakinsu. Wannan ƙarfin hali ne da ya kamata mu yaba, mu kuma koya.

Waccan tattaunawa da Bello ita ta dawo da Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdullahi. A wannan karon ta Badagry ya shigo. A watan Disambar 1825 ya shiga kwalekwale a wannan gulbi ya yi arewa, tare da baransa Richard Lander, wanda Hausawa suka raɗa wa Nasara Ƙarami. Ba su yi wata guda ba zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison. Suka bi ta tsohuwar Oyo da Kayama da Busa da ƙasar Nufe da Zariya, suka shiga Kano a 1826, suka ƙarasa Sakkwato, inda Clapperton ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827. Lander ya juyo da takardun maigidansa har Badagry. A nan fataken bayi 'yan Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, manyan gari suka sa shi shan gwaska, ya sha, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Cikin wannan ayari akwai mutumin da ya fi kowa cancantar mu san sunansa. Turawa suna kiransa Pasko, amma sunansa na yanka Abubakar, Bagobiri ne. An kama shi an sayar, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har teku, aka loda shi a jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a hanya, aka 'yanta shi, ya zama matuƙi a rundunar ruwansu. Shi ne tafintan Clapperton, da bakinsa aka yi magana da sarakuna da fatake a hanyar Sakkwato. Da Lander ya dawo da ƙanensa John a 1830, suka sauka Badagry a watan Maris, da shi aka sake tafiya Busa, aka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Ana koya wa yaranmu a makaranta cewa 'yan'uwan Lander ne suka gano bakin Kwara. Ba a gaya musu cewa akwai Bagobiri a cikin jirgin ba, ni kuma ban taɓa jin wani mai zagayawa da baƙi a Badagry ya ambace shi ba.

'Yan'uwan nan biyu sun rubuta cewa sun tarar da malaman Hausawa zaune a garin, har sun kalli Musulmi suna sallar Idi bayan azumin wannan shekara. Ke nan shekara 12 kafin wa'azin gindin Agia ana kiran salla a bakin wannan gulbi. Kuma a 1863, shekarar da Badagry ta shiga ƙarƙashin mulkin Ingila, John Glover ya tara Hausawan da suka gudo daga bauta a Legas ya kafa 'yar rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya. Kusa da Marina akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi aka kai shi Burazil, ya dawo ya shiga cinikin, ya zama Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ana nuna ƙananan ɗakunan da aka ce nan ake tsare bayi, da wata laima da masu gidan ke cewa da mutum 40 aka musanya ta. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan nan aka turo ƙofa, ba zai sake kallon laimar sarauta yadda ya saba ba.

Gaskiya ce Badagry ba ta kai Wida ko Legas yawan fitar da bayi ba, kuma wasu labaran da ake ba baƙi na baka ne, irin na rijiyar hanyar Gberefu da aka ce duk wanda ya sha ruwanta yakan manta gida. Wannan bai rage komai ba. Mutum ɗaya ma da aka raba da uwarsa a Zamfara aka tako da shi nan a ƙasa ya isa a tsaya a yi tunani.

Sauyin garin ya zo ne a hankali, ta fuskoki da dama. A 1984 wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shigo gulbin daga ɓangaren Benin, ta riƙa rufe fuskar ruwa bayan damina, tana naɗe farfelar inji, tana hana jefa taru. Har yau ana fama da ita. A 1994 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin tunawa da hanyoyin bayi a Wida, daga nan idon duniya ya juyo kan garuruwa irin wannan. Aka mai da tsohon ofishin Di'o na 1863 gidan tarihi a 2002, aka gina abin tunawa a bakin tekun Gberefu inda ake cewa daga nan ba dawowa, aka fara bukukuwan shekara-shekara. Baƙaƙen fata daga Amurka da Burazil da tsibiran Karibiyan suka riƙa zuwa. Na ga wasunsu sun durƙusa a kan rairayi suna kuka, kuma ganin haka ya fi duk wani bayani da aka taɓa yi mini. A 2009 aka yi ta yayata cewa Marlon Jackson, yayan mawaƙin nan Michael Jackson, zai shiga wani aiki na dala biliyan 3.4 don gina katafaren wurin shaƙatawa da gidan tarihi a nan. Ba a gina ba, kuma ban yi baƙin ciki ba, don ban ga yadda za a haɗa filin wasan golf da kabarin tarihin mutane a shinge ɗaya ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma Legas ta rasa Bar Beach, bakin tekun da talaka ke zuwa kyauta ranar Salla da Kirsimeti. Teku ta cinye shi, abin da ya rage aka cike da yashi aka fara gina sabuwar unguwar masu kuɗi a kai. Jama'a suka bazu neman wani wuri, wasu suka gangaro bakin tekun Suntan a hanyar Seme, masu hali su kwana a wurin shaƙatawa na Whispering Palms da ke Iworo a bakin gulbin. Yanzu ranar biki za ka tarar da rumfunan haya, da manyan lasifikoki, da dawakin hawa, da 'yan'uwanmu masu tsire da shayi. Ba na ƙin wannan. Wanda ya yi mako yana shaƙar hayaƙin Oshodi yana da haƙƙin ya zauna a inuwar kwakwa da iyalinsa. Abin da ke damuna shi ne leda da robobin da ake bari, waɗanda iska ke kwashewa ta zuba a gulbi, da jiragen haƙar yashi da ke tona ƙasan ruwa dare da rana don gine-ginen Legas. Inda aka tone ya yi zurfi, ruwa ya gurɓace, ba a iya kafa akaja, masunci ya koma achaba.

Hanyar da muka sani sumul ita ma ta mutu. An fara faɗaɗa ta zuwa layi goma a 2009, aikin ya ja fiye da shekara goma, tafiyar sa'a guda ta koma ta rabin yini, ga shingayen jami'ai birjik daga Agbara zuwa Seme. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara durƙusar da kasuwa, ciki har da 'yan arewa masu albasa da tumatir da canjin kuɗi. A waɗannan shekaru ne mutane suka sake tuna ruwa. Ƙananan jirage masu inji suka riƙa ɗaukar fasinja daga Apapa zuwa Badagry har Porto-Novo, kowa da rigar ruwa a wuya, da dare kuma 'yan fasa-ƙwauri su bi da shinkafa da fetur. A 2016 aka fara haƙo mai a rijiyar Aje da ke cikin teku daura da garin, a 2022 kuma gwamnatin tarayya ta amince da gina babbar tashar jiragen ruwa a yankin. Idan ta tabbata, ƙauyukan masunta na kan tudu su ne za su fara ji a jikinsu.

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela, mai tsawon kilomita 1,068, tunanin da ake ta magana a kansa tun zamanin Shehu Shagari. Za ta ratsa Kabi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, wato a ɓangarenta na kudu kusan sawun da ayarin Clapperton ya bi, kuma sawun da bayi suka bi kafin shi. Ana ta lissafin tirelolin shanu da hatsi da za su gangara, wannan daidai ne. Ni lissafina na motocin makaranta ne. Idan Allah ya sa aka gama ta, ɗalibai za su iya tashi daga Sabon Birni bayan sallar asuba su yi isha'i a bakin gulbin. Masu zagayawa da baƙi za su ba su labarin Egun da Yarabawa da Turawa, don shi suka gada. Malamin da ya rako su shi zai tsayar da su a Marina ya gaya musu cewa Abubakar Bagobiri ya bi ta nan a 1825 da 1827 da 1830 yana ɗa mai cin gashin kansa, bayan ya taɓa barin wannan gaɓa da mari a ƙafa.